Abin da ɗalibi ke tsinta a gidajen tsofaffin Holan da Japan

A garin Deventer da ke gabashin ƙasar Holan akwai wani gidan kula da tsofaffi mai suna Humanitas. A 2012 shugabar gidan, Gea Sijpkes, ta yi wani abu da ya sa sunan gidan ya zaga duniya: ta ba ɗaliban jami'a shida ɗakuna su zauna kyauta a tsakiyar tsofaffi kusan 160. Ba a karɓar ko sisi na haya. Sharaɗin shi ne kowane ɗalibi ya ba da awa 30 a wata yana zama maƙwabci nagari. Ba su ke ba da magani ba, ba su ke yi wa kowa wanka ba, wannan aikin ma'aikatan jinya ne. Nasu shi ne hira, da kallon ƙwallo tare, da nuna wa tsoho yadda zai aika wa jikarsa hoto ta waya, da zama gefen gadon wanda jiki ya ƙi daɗi. Ɗalibi na da 'yancin fita da shigowa lokacin da ya so, muddin bai dami mutanen gida ba.

Irin waɗannan wurare ne jami'o'i suke kai ɗalibansu su gani. Masu karatun jinya, da aikin jin daɗin jama'a, da zanen gine-gine, da ilimin tsufa, sukan tashi daga Amurka ko Kanada ko Ostireliya su yi mako biyu ko uku, wasu zango guda, a Holan ko Denmak ko Japan, suna zagayawa gidajen tsofaffi da ma'aikatun lafiya da unguwannin da aka gina don yaro da babba su zauna tare. Dalilin a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya. Duk wanda ke karatun lafiya yau, yawancin waɗanda zai duba gobe masu furfura ne.

Ina goyon bayan wannan tafiya, gani ya kori ji. Damuwata ita ce darasin da ake dawowa da shi. Da yawa sukan dawo da hukunci kan halin mutane: waɗannan suna girmama tsofaffinsu, waɗancan sun yar da nasu. Hukunci ne mai sauƙin yankewa, kuma yakan rufe wa ɗalibi ido daga abin da ya je gani. Zaman kaka da ɗa da jika a gida ɗaya ba ƙauna kaɗai ke riƙe shi ba. Akwai wadda ke tashi tsakar dare ta sauya shimfiɗa, akwai aljihun da kuɗin magani ke fita, akwai ɗakin da dole a samu. Inda waɗannan suka kau, zaman yakan watse ko da zukata ba su sauya ba.

Deventer ɗin kanta shaida ce. Ba tausayi kaɗai ya haifi shirin ba. A wancan lokacin gwamnatin Holan ta fara janye kuɗin da take biya wa tsofaffin da lalurarsu ba ta yi tsanani ba su zauna a gidajen kulawa, tana son su ci gaba da zama a gidajensu. Ɗakuna suka fara zama wayam a irin su Humanitas. A gefe guda kuma ga ɗalibai suna fama da tsadar haya da ƙarancin masauki. Buƙata biyu ce ta haɗu, aka samu mai basira ta ƙulla su. Faɗin haka ba rage wa shirin daraja ba ne. Ɗalibin da ya fahimci wannan shi ne zai iya tambayar kansa ko abin zai yiwu a garinsu, domin ya san a kan me aka ɗora shi. Wanda ya ga murmushin tsohuwa kawai ya ɗauki hoto, ya dawo da labari mai daɗi wanda ba zai iya gina komai da shi ba.

Haka abin yake a maƙwabta. A Jamus, tun 1992 aka fara wani tsari a Darmstadt da ake kira Wohnen für Hilfe, wato masauki a madadin taimako. Ɗalibi ya zauna a gidan tsoho, ya biya da aiki, kuma lissafin da aka saba da shi shi ne awa ɗaya a wata kan kowace murabba'in mita ta ɗakin da aka ba shi. A Faransa sai da aka sha wuya. Zafin bazarar 2003 ya kashe mutum kusan 15,000, yawancinsu tsofaffi, da dama su kaɗai a ɗakunansu babu wanda ya leƙa. Bayan wannan ne ƙungiyoyin haɗa ɗalibai da tsofaffi a gida ɗaya suka yaɗu a Faris da sauran birane. Gwamnatin Jamus kuma ta fara shirin gidajen haɗuwar manya da yara a 2006, waɗanda yanzu sun haura 500. Ba wuraren kwana ba ne, sun fi kama da zauren unguwa: tsohuwa ta taya yaro aikin makaranta, saurayi ya gyara mata kwamfuta, a ci abincin rana tare.

Amma in ana son ganin lamarin tun daga saiwarsa, Japan ce makarantar.

Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun wuce. Waɗanda suka haura shekara 100 sun fi 90,000. Akwai ranar hutu ta ƙasa don girmama tsofaffi, Litinin ta uku a watan Satumba. Baƙon ɗalibi yakan iso da hoton da ya taho da shi a ka: ƙasar biyayya ga iyaye, inda babban ɗa ke gadon gida ya riƙe mahaifansa har rai ya yi halinsa. Hoton ba ƙarya ba ne, sai dai ya tsufa. A 1980, rabin gidajen da ke da mai shekara 65 zuwa sama gidaje ne na kaka da 'ya'ya da jikoki. Yau ba su kai ɗaya cikin goma ba. Cikin rayuwar mutum ɗaya aka yi wannan juyi, a ƙasar da ba ta daina koya wa yaranta girmama na gaba ba.

Me ya faru? Matasa sun bar ƙauye zuwa Tokiyo da Osaka, inda gida ƙarami ne kuma da tsada. Haihuwa ta ragu, nauyin da 'yan'uwa biyar ke rabawa ya koma kan mutum ɗaya ko biyu. Tsawon rai ya ƙaru, jinyar da a da ba ta wuce wata shida ba ta zama ta shekara goma. Sai kuma babban abin da littattafan yabon al'ada ba su cika faɗa ba: a tsohon tsarin, ba babban ɗan ne ke jinyar ba. Matarsa ce. Sunan riƙon iyaye nasa ne, wanki da goge-goge da rashin barci nata. Da mata suka shiga makaranta suka kama aiki, wasu suka ƙi auren babban ɗa saboda sun ga abin da iyayensu mata suka sha, sai ginshiƙin ya fara girgiɗi. Japanawa har suna da kalmomi na musamman ga abubuwan da suka biyo baya: tsoho yana jinyar tsoho, kamar ɗan shekara 70 da ke riƙe da mahaifiyarsa mai 95, barin aiki don jinya, wanda ke cin mutum kusan 100,000 a shekara, da mutuwar kaɗaici, inda sai wari ya sanar da maƙwabta.

Amsar da ƙasar ta bayar ita ce abin da ya fi cancanci ɗalibi ya zauna ya nazarta. A shekarar 2000 aka fara inshorar kulawa ta dole, bayan Jamus ta yi irin nata a 1995. Duk wanda ya kai shekara 40 yana biya. Rabin kuɗin daga wannan gudummawa yake fitowa, rabi daga haraji. In tsoho ya fara gazawa, hukumar gari ta auna shi ta sa shi a ɗaya daga matakai bakwai na buƙata, a haɗa shi da jami'in da zai tsara masa hidima: mai zuwa gida ya yi masa wanka, motar da za ta kai shi cibiyar yini, gado mai ɗagawa, maƙalin hannu a banɗaki. Shi kuma ya biya kashi 10 cikin ɗari, masu hali su biya 20 ko 30. Ma'anar wannan doka ita ce al'umma ta yarda cewa aikin da surukai mata suka yi shekaru aru-aru ba lada, aiki ne, yana da farashi, kuma bai kamata ya faɗa kan mace ɗaya ba. An yi gardama sosai kafin a kai nan, akwai 'yan siyasar da suka ce dokar za ta rusa kyakkyawar al'adar iyali. Kuma ba a fita daga matsala ba: ma'aikatan kulawa ba su isa ba, albashinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa tun 2008 Japan ta fara ɗauko su daga Indonesiya, 2009 daga Filifin, 2014 daga Biyetnam.

A cikin wannan yanayi ne ya kamata a kalli wuraren da ake kai baƙi. A unguwar Edogawa ta Tokiyo akwai Kotoen, inda tun 1987 aka haɗa gidan tsofaffi da makarantar renon yara a gini ɗaya, safiya ta yi su motsa jiki tare, yara suna hawa cinyar waɗanda ba kakanninsu na jini ba. A Toyama, wasu ma'aikatan jinya mata uku sun bar aikin asibiti a 1993 suka buɗe wani ƙaramin gida da ke karɓar tsoho da jariri da mai naƙasa ƙarƙashin rufi ɗaya. Da farko hukuma ta rasa a wane babi za ta sa su, domin kuɗin tsofaffi daban, na yara daban, na naƙasassu daban. Daga baya salon ya bazu a ƙasar da sunan garin. Abin da ya taɓa ni a labarin Toyama shi ne matan ba su ƙirƙiro wani sabon abu ba. Gida suka maido, irin wanda kowa ya sani, sai da suka yi ta fama da dokoki kafin a bar su.

Sai dai ziyara tana da iyakarta, kuma a nan ne nake ganin shirye-shiryen gajeren zango suke da rauni. Baƙo raɓa ne. Ana kai shi inda aka share aka yayyafa ruwa. Misali De Hogeweyk, ƙauyen masu ciwon mantuwa da aka buɗe a Weesp kusa da Amsterdam a 2009. Mutum shida ko bakwai a kowane gida, akwai kanti, da gidan abinci, da ɗakin wasan kwaikwayo, ma'aikata cikin kayan gida, mai gigin tsufa yana yawo abinsa ba a ɗaure shi a kujera ba. Wuri ne mai kyau ƙwarai, ya kuma sauya tunanin mutane da yawa kan yadda ake riƙe mai wannan ciwo. Amma mazaunansa ba su kai 200 ba, a ƙasar da masu ciwon suka kai dubbai ɗaruruwa. Ɗalibin da ya yi awa uku a can bai ga matar da ke wani bene a Rotterdam tana kulle ƙofa da dare don kada mijinta ya fice ba. Ita ce ta fi yawa, kuma ba ta cikin jadawalin ziyara.

Ko alƙaluman da ake jan ɗalibai da su suna buƙatar tankaɗe da rairaya. Okinawa ta Japan da Sardiniya ta Italiya da Ikariya ta Girka sun yi suna a matsayin yankunan tsawon rai, ana ta zuwa koyon abin da suke ci. A 2010 jami'an Tokiyo suka je taya wani mutum murna, wanda takardu suka nuna shi ne namiji mafi tsufa a birnin, mai shekara 111, sai suka tarar ya rasu kimanin shekara 30 da suka wuce, gawarsa na ɗaki, iyali suna karɓar kuɗin fansho. Binciken da ya biyo baya ya gano sunaye sama da 230,000 na waɗanda rajistar iyali ta nuna sun haura shekara 100 amma babu wanda ya san inda suke. Wannan bai ƙaryata cewa Japanawa suna daɗewa a duniya ba. Ya dai nuna cewa malamin da ya kai ɗalibai irin wuraren nan yana da haƙƙin koya musu shakka tare da sha'awa.

Sannan ga harshe. Tsoho ba ya ba da labarinsa ta bakin tafinta yadda zai ba da shi kai tsaye, kuma mai ciwon mantuwa sau da yawa yakan koma harshen da ya sha a nono, ya saki wanda ya koya da girma. Ɗalibin da bai iya gaisuwa da tambayar kwanan jiki da harshen gari ba, kallo kawai yake yi. Shi ya sa nake fifita tsarin da ke sa ɗalibi ya kwana ya tashi a gida ɗaya da tsoho na wata da watanni, ko da bai ziyarci ko ma'aikata ɗaya ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Sai an zauna ake sanin cewa tsohon nan mai fara'a yana da rowa, ko yana maimaita labari ɗaya sau biyar a yini, ko yana jin haushin ƙarar ƙofa. Sai an zauna kuma ake gane cewa ba abin tausayi ba ne kawai, mutum ne da ya yi aiki, ya yi soyayya, ya binne mutane, yana da ra'ayi kan siyasa kuma zai kare shi. Ƙyamar tsufa da ke zukatan matasa da yawa ba lacca ke cire ta ba, irin wannan zaman ne.

Tafiyar ba ta fuska ɗaya ba ce. Ɗaliban Amurka da Turai ma suna zuwa Ghana da Indiya da Meziko, su sauka a gidajen da kaka ke tsakar gida tana ba da umarni. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna cewa kashi 27 cikin ɗari na Amurkawa masu shekara 60 zuwa sama su kaɗai suke zaune, alhali a duniya baki ɗaya zama cikin dangi ne ya fi yawa ga masu wannan shekaru. Don haka ba mamaki irin wannan ɗalibi ya ruɗe da sha'awa. Haɗarinsa shi ne ya yi wa rogo kallon kitse. Zai ga an durƙusa an gaida tsohuwa, ba zai ga cewa babu fansho, babu likitan tsofaffi a kusa, kuma yarinyar da ke mata hidima an cire ta daga makaranta ba. A Amurka ɗin ma zaman iyaye da manyan 'ya'yansu ko jikoki a gida ɗaya yana dawowa, daga kashi 7 cikin ɗari na jama'a a 1971 zuwa 18 a 2021, kuma tsadar rayuwa na cikin manyan dalilan da mutane suka bayar. Wasu ƙasashen kuwa doka suka sa: Singafo a 1995 da Indiya a 2007 sun ba iyaye damar kai ƙarar 'ya'yan da suka ƙi ciyar da su, Sin kuma a 2013 ta wajabta ziyartar iyaye. Duk inda aka kai ga rubuta irin wannan a doka, to al'adar ta riga ta fara sassautawa.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. 'Ya'yanmu suna karatu a Masar da Indiya da Malesiya da Turkiyya da Birtaniya, kuma daga Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe bizar ma'aikatan kulawa zuwa 2025 da ta rufe ta ga masu zuwa daga waje, 'yan Nijeriya sun kasance cikin waɗanda suka fi yawan shiga aikin. Da yawansu a gidajen tsofaffi suke samun na haya da na makaranta. Bahaushen da ya shiga irin wannan gida karo na farko, abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne: Allah ya kiyaye, mu ba ma yar da iyayenmu. Na fahimci wannan, kuma akwai abin alfahari na gaskiya a ciki. Mun taso da wasan kaka da jika, da tatsuniyar dare, da ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko "tir" in sun tsufa a wurinka. Amma Japan ta 1980 ma haka take ji da kanta. Masu shekara 60 zuwa sama ba su wuce kusan kashi 5 cikin ɗari na mutanen Nijeriya ba, a Nijar kuwa kusan rabin jama'a yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Hannaye suna da yawa, tsofaffi kaɗan ne, shi ya sa nauyin bai fito fili ba tukuna. Gandu kuwa ya daɗe da fara rabewa, samari suna Legas da Abuja da Agadas, gidan haya ɗaki biyu a birni ba shi da sashen Hajiya. In kuma aka tambayi wace ce ke wanke Baba in ya kasa tashi, amsar tamu ba ta da nisa da ta Japanawa: matarsa, ko 'yarsa, ko matar ɗansa. Nijeriya ta kafa dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2018, akwai kuma cibiyar jinyar tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan tun 2012, amma tsohuwar da ta ruɗe a ƙauye har yanzu tana iya shan sunan mayya maimakon a ce ba ta da lafiya.

Ɗalibinmu da ke can yana da wata dama da takwaransa Ba'amurke ba shi da ita. Ya san daɗin zaman gida mai cike da mutane daga ciki, ba a littafi ya karanta ba, ga shi kuma yana ganin ƙasashen da suka rasa shi suna kashe maƙudan kuɗi don su maido da ɗan guntunsa. In ya sauke hukunci ya ɗauki tambaya, zai dawo da abubuwan da za su yi aiki ba tare da an gina gidan tsofaffi ko ɗaya ba: yadda ake juya mara lafiya don kada kwanciya ta ci masa baya, yadda ake gane farkon ciwon mantuwa, yadda maƙalin ƙarfe a bayan gida ke hana karayar ƙugu, yadda Denmak ta mai da ziyarar jami'an lafiya gidajen tsofaffi doka a 1996 don a tari matsala kafin ta auku, yadda cibiyar yini ke ba mai jinya hutun awa shida ta je kasuwa ko ta yi barci.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar shiga shirin Deventer ba. Maƙwabtan ɗaliban 'yan 80 ne da 90. Wanda kuka sha shayi tare ranar Talata, ranar Juma'a ana iya kwashe kayan ɗakinsa. Ɗan shekara 22 da ya zo neman ɗaki kyauta sai ya tsinci kansa a jana'izar abokinsa, ya dawo gida, bayan 'yan kwanaki kuma ya ƙwanƙwasa wannan ƙofar ya gabatar da kansa ga sabon wanda aka kawo.